Wa Ake Yi wa Dariya? Mata da Raini a Tsofaffin Littattafan Raha na Hausa

Da wuya ɗalibi ya gama ajin Hausa a sakandare, a Jalingo ko a wani gari, bai ji sunan Malam Zurƙe ɗan Muhamman ba. Ruwan Bagaja da Ganɗoki da Magana Jari Ce sun haura shekara 80 a hannun masu karatu, an sha sa su a manhajar jarrabawa, kuma har gobe mutum kan karanta su yana dariya shi kaɗai. Amma yanzu akwai masu karatun da dariyar kan tsaya musu a maƙoshi. Suna tambaya: don me mace ba ta cika fitowa a waɗannan littattafai ba sai a matsayin makira, ko makwaɗaiciya, ko amaryar da aka ba jarumi tukuici? Don me ake kiran wasu al'ummu da sunayen da yau mutum ba zai iya furtawa a gaban maƙwabcinsa ba?

Da zarar an ɗauko maganar sai ta cakuɗe. Wannan ya ji an ce “feminizim”, ya ɗauka an zo rusa aure da addini. Wancan ya ji an ce “adabin magabata”, ya ɗauka ana so a halatta cin mutunci. Kafin a kai ga buɗe littafin an riga an ɓata.

Ma'anar kalmomin

Ƙagaggen labarin raha shi ne dogon labarin zube wanda babban aikinsa sa dariya. A cikin tsofaffin littattafanmu, Ruwan Bagaja ne ya fi cika wannan siffa. Dariyar Ganɗoki daga cika-bakin jarumin take fitowa, Magana Jari Ce kuwa tarin gajerun labarai ne da aka zuba a bakin aku. Dariyar ma iri-iri ce. Akwai barkwanci, wanda ake yi da mutum yana nan, yana kuma da ikon ramawa. Akwai ba'a, wadda ake yi wa mutum. Akwai zambo, wanda manufarsa muzantawa.

Feminizim kalmar aro ce daga Turanci, kuma abu biyu take ɗauke da su. Na farko fafutukar ganin mata sun sami haƙƙinsu na ilimi, dukiya, zaɓe da faɗa-a-ji. Na biyu hanyar nazarin adabi, wadda malaman jami'a kan kira ra'in matantaka. Mai wannan nazari tambayoyi yake yi wa littafi: wa ke ba da labarin, wa aka bari ya yi magana, wa ke yanke shawara, a kan wa dariya ke ƙarewa. Mutum na iya yin waɗannan tambayoyi ba tare da ya sa hannu a kan duk abin da 'yan fafutukar Turai ke nema ba. Rashin bambanta biyun nan shi ne rabin rikicin.

Abin da ake kira tsohon raini kuwa shi ne kuɗin goron da wani zamani ya yi wa wani rukunin jama'a, har ya zama ba a ganinsa a matsayin laifi: mace makira ce, baƙauye wawa ne, Bafillacen daji bai waye ba, makaho mafaɗaci ne, wanda ba Musulmi ba “arne” ne.

Yadda littattafan suka samu

A 1933 Rupert East, Baturen da ke shugabantar hukumar fassara da talifi a Zariya, ya zagaya manyan garuruwan Arewa yana neman malamai su rubuta ƙagaggun labarai da boko. Daga wannan gasa aka sami littattafai biyar da aka fara bugawa a 1934: Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, Ganɗoki na yayansa Bello Kagara, Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, Idon Matambayi na Muhammadu Gwarzo, da Jiki Magayi wanda John Tafida ya rubuta tare da East. Imam, wanda aka haifa a Kagara a 1911, yana ɗan shekara 22 yana koyarwa a Midil ta Katsina ya rubuta nasa. Bayan nan aka ɗauko shi zuwa Zariya ya rubuta Magana Jari Ce, littafi uku, waɗanda suka fito daga 1937.

Duk marubutan maza ne. Editan namiji ne. Waɗanda aka rubuta wa littattafan ma kusan duk maza ne, domin Kwalejin Katsina da makarantun Midil na samari ne, makarantun boko na 'yan mata kuwa sai wajen 1930 aka fara buɗe su a Kano da Katsina, su ma da ɗalibai ƙalilan. Ke nan saurayi ne ke ba samari labari, a ɗakin da ba mace. Duk wanda ya san hirar majalisa ya san irin wasan da kan fito a irin wannan zama.

Sannan ba daga ƙasar Hausa kaɗai kayan suka fito ba. Imam ya ɗebo daga Alfu Laila, da Maƙamatul Hariri, da tatsuniyoyin Jamus da na Indiya, kuma Farfesa Ibrahim Malumfashi ya bi diddigin yawancin waɗannan tushe. Jigon makircin mata ya cika Alfu Laila tun daga shafin farko. Da ya iso nan sai ya tarar da 'yan'uwansa a tatsuniyoyinmu na kishiya da na Mowa da Bora, suka haɗu suka zauna.

Abin da ke cikin shafukan

Wanda ya karanta Ruwan Bagaja da idon basira zai ga cewa ba mata ne suka fi shan ba'a ba. Maza ne, kuma manya: malamai, alƙalai, fadawa, attajirai. A karon farko na jarumin littafin, Alhaji Imam, da Malam Zurƙe, Alhaji ya sauka wani ƙauye yana cin abinci da sunan malanta alhali bai da karatu. Zurƙe, mai ɗan ilimi, ya zo zai tona masa asiri. Alhaji ya zana wata lanƙwasasshiyar alama ya ce a karanta. Zurƙe ya yi ta kawo sunayen haruffa, Alhaji ya ce ba harafi ba ne, jinjirin wata ne. Ƙauyawa suka duba, suka ga lallai ya yi kama da wata, suka kori mai ilimin. Dariyar nan ta faɗa kan malamin ƙarya, ta faɗa kan mai ilimin da ba shi da dabara, ta kuma faɗa kan ƙauyawa, waɗanda su ne ba a ba bakin kare kansu ba.

To ina matan? A nan gizo ke saƙar, domin matsalar littafin game da mata ba zagi ba ce, rashi ne. Alhaji ya yi shekaru yana yawon duniya neman ruwan da zai warkar da ɗan sarki, ya ga garuruwa, ya shiga hannu ya fita, amma matan da suka gifta duk a gefen hanya suke: uwa da aka bari a gida, matar wani, 'yar da ake aurarwa. Ba wadda ta sami irin bakin Zurƙe, ba wadda aka bari ta yi ƙarya mai daɗi ta tsira da ita. A littafin raha, wanda aka hana wayo an hana shi komai.

Magana Jari Ce ta ɗan bambanta, kuma labarin Kalala da Kalalatu ya isa misali. Maigida ya kawo kaji biyu a gyara saboda baƙo. Uwargida, Kalalatu, ta soya, ta ɗanɗana, ta ƙara ɗanɗanawa, har kaji suka ƙare. Da baƙo ya iso, maigida na can yana wasa wuƙa, sai ta raɗa wa baƙon cewa kunnuwansa za a yanke. Baƙo ya zura da gudu. Ta juya ta ce wa mijin baƙo ya gudu da kaji. Miji ya bi shi da wuƙa a hannu yana roƙon a bar masa ko da guda ɗaya, baƙo kuwa ya ƙara mai, yana tsammanin kunne ake nufi.

Ana iya karanta wannan a ce ga shi nan, an mai da matar aure makwaɗaiciya maƙaryaciya. Ana kuma iya cewa duk labarin ba mai kaifin ƙwaƙwalwa kamarta, ita kaɗai ta juya maza biyu ta ƙoshi. Duka biyun gaskiya ne. Amma akwai abin da ya fi su jan hankali. Labarin ya yi kama ƙwarai da wani da 'yan'uwan nan biyu, Grimm, suka tattara a Jamus a ƙarni na 19, kuma a can mai cinye kajin ba matar gida ba ce, kuku ce mai yi wa maigida aiki. Dariyar can ta bara ce da ubangidansa. Da labarin ya sa rigar Hausa sai ya koma tsakanin miji da mata, abin da ya rage a kunnen yaro mai karatu kuwa shi ne halin mata. Wataƙila Imam ya yi haka ne kawai don gidan Bahaushe na lokacin bai saba da kuku mace ba. Ko ma mene ne dalilin, inda dariyar ke sauka ya sauya.

A littattafan wasan kwaikwayo da suka biyo baya abin ya fi fitowa fili. A Jatau Na Kyallu na Shu'aibu Maƙarfi, attajiri ne ya auri karuwa ta raba shi da iyalinsa da dukiyarsa, kuma gargaɗin ga maza yake: a yi hattara da irin waɗannan mata. Adalci dai shi ne a faɗi cewa ba duk rubutun zamanin ne haka ba. Mahaifiyar Shaihu Umar, wadda ta bar gida ta ratsa Sahara neman ɗanta har ta faɗa bauta, tana cikin mutane mafi ƙarfin zuciya a adabin Hausa. Sai dai Shaihu Umar ba littafin dariya ba ne. Ga alama marubutan sun iya girmama mace idan uwa ce mai shan wahala, abin da ya gagare su shi ne su yi wasa da ita a matsayin tsara.

Karatu a Jalingo

Ganɗoki tsohon mayaƙi ne da ke ba 'yan makaranta labarin yaƙe-yaƙensa, tun daga zamanin Sarkin Sudan Nagwamatse na Kwantagora, da karonsa da Turawa, har zuwa ƙasashen aljanu. Daɗin littafin yana cikin kirari da cika-baki. Amma waɗanda takobinsa ke ci sau da yawa “arna” ne, ba suna, ba fuska, kuma kama mutane ganima ce abin alfahari.

A Katsina ta 1934 wannan bai tsaya wa kowa a rai ba. Jalingo kuwa wani wuri ne daban. Garin ya zama mazaunin Sarkin Muri a 1893, bayan yaƙin da Sarki Muhammadu Nya ya yi da mutanen Kona da taimakon bindigogin Bafaranshen nan Mizon, kuma tun 27 ga Agusta 1991 shi ne babban birnin Taraba, jihar da ke da harsuna gommai. Hausa ce harshen kasuwa da na Keke Napep daga Mayo Gwoi zuwa Magami, amma masu magana da ita Fulani ne, da Mumuye, da Jukun Kona, da Jenjo, da Wurkum, da Tibi, da Hausawa, Musulmi da Kirista. A aji guda ana iya samun jikan wanda ya kai hari da jikar wadda aka kai wa. Kalmar da marubuci ya rubuta ba tare da ya yi tunani biyu ba, a nan wata yarinya ce a benci na uku za a sa ta karanta ta da ƙarfi.

Mutanen wannan yanki ba baƙin wasa ba ne. Tsakanin Fulani da Tibi akwai barkwanci mai tsohon tarihi, haka tsakanin Fulani da Barebari, kuma maganganun da ake jefa wa juna a kasuwa sun fi na littafi zafi. Abin da ya sa ba a faɗa shi ne kowa na da bakin ramawa, kuma gobe shi ma zai fara. Littafin da aka buga, aka sa a manhaja, aka ce a haddace don jarrabawa, ya cire wannan sharaɗi. Gefe ɗaya ke riƙe da alƙalami. A ganina a nan ne ainihin matsalar take, ga mata da ga sauran waɗanda aka yi wa kuɗin goro baki ɗaya.

Ra'ayoyi masu karo da juna

Masu kare littattafan suna cewa ba a auna mutumin jiya da mudun yau. Imam da Bello Kagara sun rubuta duniyar da suka gani, kuma Hausarsu ita ce ma'aunin da har yanzu ake gwada rubutu da shi. Wannan hujja tana da ƙarfi idan ana maganar hukunta marubuci. Tana raguwa idan aka koma kan mai karatu, domin ɗalibar da ke aji yau ba a 1934 take zaune ba.

Wasu kuma suna ganin duk wannan bincike shigo-shigo ne daga Turai. Gaskiya ne kalmar baƙuwa ce, amma ƙorafin ba baƙo ba ne. Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, a Nurul Albab, ya soki malaman da ke barin matansu da 'ya'yansu mata cikin jahilci. 'Yarsa Nana Asma'u, wadda ta rasu a 1864, ta kafa tsarin 'Yan Taru na koyar da mata a karkara. Gambo Sawaba ta sha ɗauri a zamanin jam'iyyar NEPU tana neman wa matan Arewa ƙuri'a, abin da ba su samu ba sai 1976. An kafa ƙungiyar mata ta WIN a Zariya a 1982, ta FOMWAN kuma a Minna a 1985, kuma ba hanya ɗaya suka bi ba. A Jalingo ma ba sai an je nesa ba: Aisha Jummai Alhassan, Mama Taraba, ta ci kujerar sanata a 2011, ta nemi gwamna a 2015 har kotun sauraron ƙarar zaɓe ta ba ta nasara kafin kotunan sama su soke. Yarinyar da ta tashi tana ganin hoton wannan mata a bangon unguwarsu ba ta buƙatar wani Bature ya koya mata tambayar ina mata suke a labari.

Rukuni na uku su ne masu cewa a gyara: a cire kalmomin da ke ciwo, ko a sauke littattafan daga manhaja. An gwada wannan a Ingila. A Fabrairun 2023 aka gano kamfanin Puffin ya sauya ɗaruruwan kalmomi a littattafan yara na Roald Dahl, aka yi ta ce-ce-ku-ce har kamfanin ya ce zai ci gaba da buga na asalin ma. A shekarar kuma aka sake fitar da wasu littattafan raha na P. G. Wodehouse an cire kalmomin wariyar launin fata, an ƙara gargaɗi a farko. Ɗaya daga cikinsu, Thank You, Jeeves, sa'an Ruwan Bagaja ne, shi ma a 1934 ya fito.

Almakashi yana da illa biyu. Yana ɓoye shaida, har jikoki su ɗauka kakanninsu ba su taɓa raina kowa ba. Kuma ba ya maganin rashi: ko an share kowace kalma mai zafi daga Ruwan Bagaja, ba za a sami mace mai magana a ciki ba. Akwai kuma abin tunawa a gida. Lokacin da aka ƙona littattafan Hausa a Kano a 2007, ƙarƙashin shirin A Daidaita Sahu na gwamnatin Malam Ibrahim Shekarau, ba tsofaffin littattafan maza aka ƙona ba, littattafan soyayya ne na zamani, fagen da mata suka fi yawa. Mai kiran a tace adabi don kare mata ya kamata ya tambayi hannun da almakashin zai faɗa.

Amsar da mata suka bayar

Shekara 46 aka yi tsakanin Ruwan Bagaja da fitowar ƙagaggen labarin farko na mace da Hausa, wato So Aljannar Duniya na Hafsat Abdulwaheed, wanda kamfanin ɗab'i na NNPC da ke Zariya ya buga a 1980. Jarumarsa, Boɗaɗo, Bafillatana ce da ta tsaya kan wanda take so duk da adawar dangi. Mace ce, kuma 'yar rugar da aka saba yi wa ba'a, ga ta a tsakiyar labari.

Wadda ta fi mayar da martani kai tsaye ita ce Balaraba Ramat Yakubu. A Wa Zai Auri Jahila? ta bi yarinyar da aka cire daga makaranta aka aurar wa tsoho. Alhaki Kwikwiyo kuwa, idan aka lura, ƙashin bayansa ɗaya da na Jatau Na Kyallu: ɗan kasuwa ya auro mace mai zaman kanta, gida ya watse, dukiya ta tafi. Bambancin shi ne inda marubuciyar ta ajiye mai karatu. Ba a shagon ɗan kasuwan, Alhaji Abdu, ta zaunar da shi ba, a wajen Rabi ta zaunar da shi, uwargidan da aka kora da 'ya'ya tara, tana sayar da abinci tana biyan kuɗin makaranta. Labarin da aka saba bayarwa don a ja kunnen maza ya koma labarin yadda mace ke rayuwa bayan an watsar da ita. An fassara shi zuwa Turanci a 2012, wani kamfani a Indiya ya buga.

Wannan ita ce ramuwar da littafin makaranta ya hana, ta zo bayan rabin ƙarni. Manazarta sun daɗe suna muhawara kan darajar wannan adabi, wanda aka laƙaba wa Adabin Kasuwar Kano, amma ba mai musun cewa ya sauya wanda ke riƙe da alƙalami. Gasar Hikayata da BBC Hausa ta fara a 2016 domin mata zalla ta ƙara faɗaɗa fagen. Abin da har yanzu bai yawaita ba shi ne dogon labarin raha daga hannun mace. Marubutan sun fi karkata ga soyayya da rikicin gidan aure, Zurƙe bai sami ƙanwa ba tukuna.

Abin da ka iya biyo baya

Idan aka ci gaba da koyar da littattafan kamar yadda aka saba, a haddace jigo da salo a wuce, ɗaliban da abin ya taɓa za su yi shiru su ci jarrabawa, amma da wuya su ɗauki adabin Hausa a matsayin nasu. A gari irin Jalingo, inda yawancin masu jin Hausa ba Hausawa ba ne, wannan asara ce ga harshen kansa. Ana kuwa mantawa cewa ɗaya daga cikin marubutan farko, John Tafida, Kirista ne daga Wusasa.

Hanyar da ta fi sauƙi ba ta buƙatar taɓa ko wasali ɗaya na Imam. Masu ɗab'i na iya ƙara gabatarwa ta 'yan shafuka da ke bayyana zamanin da kalmominsa. Malami na iya haɗa Jatau Na Kyallu da Alhaki Kwikwiyo a zango ɗaya, ko ya sa aji su sake ba da labarin kajin nan daga bakin Kalalatu. Wannan na buƙatar malamin da aka horar, da littattafai a hannun ɗalibai, abu biyun da makarantun gwamnati da yawa ke ƙarancinsu.

Sai dai yawancin dariyar yau ba a littafi take ba. Baƙauye da Bafillace da mafaɗaciyar uwargida sun ƙaura zuwa finafinan Kannywood tun zamanin marigayi Rabilu Musa Ibro, wanda ya rasu a 2014, daga nan suka wuce gajerun bidiyoyin TikTok da Facebook. Tsofaffin littattafan ma ana karanta su da murya a YouTube, mutane na saurare a waya. A can ba manhaja, ba gabatarwa, ba malami, kuma masu kallo sun ninka masu karatu nesa ba kusa ba. Amma a can ɗin ne kuma wadda aka yi wa ba'a da safe take iya ɗaukar wayarta ta rama kafin la'asar.